Madalla da Matafiyin da Ba Ya Tambaya

Ku gafara, ku ba shi hanya, ga shi nan ya sauko daga babbar motar Yamai a tashar Ƙonni. Sama da kilomita 400 ya yiwo bisa gudron, amma ku dubi shaddarsa, ƙura ba ta yi karambanin sauka a kanta ba. Ya naɗa rawani shuɗi irin na mutanen Abzin, baƙin gilashi a ido, abin jin kiɗa toshe a kunnuwa biyu, salula a hannun dama tana ja masa gora. Ranka ya daɗe, sarkin matafiyan zamani! Baƙon da ba ya neman mai masauki, mai shiga garin da bai taɓa gani ba ya fi ƴan garin sanin hanya. Sannu da zuwa. Na san ba ka ji ba, kunnenka a toshe yake, amma dai sannu da zuwa.

Allah sarki kakanninmu, sun sha wahala ba gaira ba dalili. Bafatake zai tashi daga Kano ko Katsina da jakuna ya nufi Gwanja neman goro, ya yi wata da watanni a hanya, kuma rabin tafiyar da baki yake yin ta. Sai an bi madugu, sai jagaba ya wuce gaba ya dubo zango, sai an gai da sarkin gari, an nemi fatoma, an tambayi inda rijiya take da inda ƴan fashi suka tare jiya. Kowane gari sai ka durƙusa gaban wani tsoho, ya tambaye ka gajiya, ya tambaye ka mutanen gida, ya ji ko ruwa ya sauka a wajenku, kafin ya nuna maka hanya da haɓa. Har suka ƙaga karin magana don su rufe gazawarsu, wai matambayi ba ya ɓata. To ga wanda ya zo ya sallami karin maganar nan. Kai kana da ɗigo shuɗi a taswirar waya mai bin ka duk inda ka sa ƙafa, da wata murya da ke ce maka yi dama, yi hagu, cikin Faransanci mai daɗi. Ita ba ta tambayar lafiyar mahaifiyarka, ba ta kuma jiran ka ce mata na gode. Wannan ai shi ne ci-gaba.

Mahassada suna ta yaɗa wani labari don su rage maka daraja, wai ran nan ka rubuta Illela a waya ka ce a kai ka. Illela biyu ce a yankin nan, kowane yaro mai tallan ruwa ya sani. Akwai ta Adar, can arewa wajen Tawa, inda fadar Sarkin Adar take, zuriyar Agabba ɗan sarkin Agadas. Akwai kuma ta jihar Sakkwato, nan kudu da mu, mai cin kasuwa ranar Lahadi, wadda ɗan kabu-kabu ke kai mutum kafin shayi ya huce. Kai ta Adar kake nufi, ba ka farga ba sai da ka ga shingen ƴan duwan. Ni ban ga laifinka ba. Laifin na mutanen da ne, da suka raɗa wa gari biyu suna ɗaya ba su shawarci masu zana taswira ba. Da ka tambayi mai shayin bakin tasha, da ya ce maka, “Alhaji, wace Illelar?” Amma da girmanka ya zube, kuma gara ɓatan yini guda da zubewar girma.

Haka wancan zuwa da ka yi da damina, a kwarin Magiya. Ruwa yakan zuba can kan duwatsun wajen Buza, nan sama garau, bayan ƴan sa'o'i korama ta ciko ta raba hanya biyu. Mai amalanke ya sani, don ya ga hadarin gabas tun da hantsi. Wayarka ta ce hanya lafiya lau, ka bi maganarta, kamar yadda ya kamaci mai ilimi. Da motar ta kafe, samarin ƙauye suka tuɓe riguna suka shiga ruwa har ƙugu suna turawa, kai kuma ka ɗauki aikin da ya fi kowanne nauyi: ka hau tudu ka ɗauki bidiyo. Ba don kai ba, wa zai san an yi? Da suka fito suna ɗigar da laka, ka shafa aljihu ka ce musu ba ka da canji, kuɗinka duk suna cikin waya.

Wannan kalma, kuɗina suna cikin waya, ta cancanci a rubuta ta da ruwan zinariya a ƙofar kowace tasha. Da can matafiyi yana tafe da ƴan daloli a aljihu, na almajiri daban, na yaron da ya ɗauki jaka daban, na makauniyar bakin masallaci daban, yana cewa sadaka maganin masifar hanya ce. Manhaja ta sauke maka wannan kaya. Da ita ka yanki tikiti kana kwance a gado, da ita ka kama ɗaki mai sanyi, da ita ka duba yadda naira da sefa suka kwana don kada ƴan canjin Ƙonni su yi maka wayo. Almajiri kuwa ba shi da lambar da za a tura masa, to laifin wa?

Kada a ce ƙauyawa ba su da waya. Suna da ita, darajarta ce ba su sani ba. Fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su karanta boko, sai su danna WhatsApp su yi magana da baki. Manomin Galmi na tambayar ɗan'uwansa a Kumasi ko Abijan nawa buhu ya kwana. Direban kamiyo na gaya wa na bayansa inda gada ta karye da inda aka ƙara shinge. Ɗan bida na kiran tsohuwarsa a Badagishiri ya ce ta aiki yaro wurin masu aika kuɗi na Nita ko Amana ya karɓo jika 10 na hatsi, ya kuma tambayi ƙafarta da ke ciwo. Dubi yadda suke wulaƙanta na'ura mai tsada! Sun mai da ita zaure, wurin gaisuwa da tambaya da cika alkawari. Kai kaɗai ka gane an ƙera ta ne don mutum ya huta da mutane.

Sai kiɗa, inda gwanintarka ta fi fitowa, don ba ka shiga ƙasa sai ka tanadi sautin da ya dace da ita. Tun kafin mota ta bar Dogondutsi ka buɗe jerin waƙoƙin hamada da manhaja ta shirya maka, gita na kuka a kunnenka, kana kallon gonakin gero ta gilashi kamar fim ɗin da aka shirya dominka. Zaɓinka kuwa ba shi da makusa: Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan wannan jiha ta Tawa, mai kaɗa gita da hannun hagu. Abin da ya ƙara maka ƙima a idona shi ne haƙurin da ka yi kafin ka fara sauraren sa. A 2008 ya je Sakkwato, ƙasa da kilomita 100 daga inda kake tsaye, ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin ba su bi ta kanti ba. Daga waya zuwa waya suka yi ta yawo, ta Bluetooth da ɗan katin ajiya, a tasha da bayan kamiyo da rumfar masu caji, har suka kai Mali. A lokacin kiɗan ƴan tasha ne, ka kuwa kyauta da ba ka kula shi ba. Sai da wani Ba'amurke ya tattara irin waɗannan waƙoƙin cikin waya ya fitar da su a faifai a 2011, sai da mawaƙin ya zaga Turai da Amurka jaridunsu suka yaba, sa'annan kiɗan ya nuna, ya isa shiga kunne irin naka. Tuwon gida ai sai an kai shi Turai an ɗumamo yake daɗi.

Ba ka jin harshen Abzinawa, wannan ma wata baiwa ce. Mutumin yana kuka ne da zaluncin da ake yi wa ƙasashenmu, da arzikin da ake kwashewa a bar masu shi cikin duhu, har faifansa na 2024 sunansa na nufin jana'izar adalci. Da kana ji, da abincin rana bai shiga ba. Tunda ba ka ji, sai ka lumshe ido kana gyaɗa kai. Abin toshe kunnen nan kuma, Allah ya saka wa maƙerinsa, yana tsare ka daga gari. A waje kalangun mahauta na tashi, wani tsoho na kaɗa gurumi a gindin dogon yaro yana wasa manoma, mai kilishi na kira, ladan na kira. Jihar nan ce ta Ɗan Gurmu, wanda ake gasar kiɗa ta ƙasa da sunansa, kuma a Tawa aka fara kokowar takobi a 1975, inda makaɗi ke tsuma ƙato har jikinsa ya ɗauki rawa. Duk ba su cikin jerin manhaja, abin da ba ya cikin jeri kuwa hayaniya ne.

Rawanin fa? Tubarkalla. A wurin masu shi, yaro ba ya naɗa shi sai ya kai munzali, dattijo ko malami ya naɗa masa da addu'a, daga ranar ya shiga sahun maza. Zai ja amawali ya rufe baki gaban surukai da manya saboda kunya, ya kuma kiyaye abin da zai fito daga bakin da ya rufe. Mai hali yakan nemi turkuɗi, wanda masaƙa da marina da mabugan Kura ta ƙasar Kano suka daɗe suna yi domin kasuwar hamada, baba ya kama shi har yana ƙyalli yana zuba a fatar mai shi. Hanya ce doguwa, kai kuwa ka gajarce ta. Naka yadin masaƙar Sin ne, ba ya zuba, ba ya ɓata wuyan riga, naɗin kuma a bidiyon minti uku ka koya daren da za ka taso. Babu suruki a cikinsa, babu kunya. Ana gama hoto ka warware shi ka cusa a jaka saboda zafi. Masu yini da shi a ka cikin ranar Afrilu ai rashin wayewa ke damun su.

Na ga kuma yadda kake tattalin dukiya, abin koyi. Shaddar jikinka Getzner ce daga Ostiriya, da mai kanti ya faɗi kuɗinta ba ka ce uffan ba, don babban mutum ba ya ciniki a kanti mai gilashi. Amma da ka zo wurin maƙerin da ya kwana uku a kan sarƙar azurfa mai alamar Agadas, da baduku mai takalmin fata, da matar da ta kawo tabarmar kaba daga Madawa, sai ka tuna kai ɗan gida ne, ba a yi maka tsadar baƙi. Ka taya rabin rabi, ka juya kamar za ka tafi, ka dawo, har aka sallama maka don yamma ta yi kuma babu cefane a gida. A 1998 mai tsara tufafi Alphadi ya kai masu nunin tufafi na duniya hamadar Tigidit kusa da Agadas ya buɗe bikin FIMA, da fatan masu sana'ar hannu na ƙasar nan su samu kasuwa da daraja. Ga burinsa ya cika a jikinka, kayansu sun shiga hoto sun zaga duniya. Kuɗin ne kawai bai iso ba, shi kuwa ba a ganinsa a hoto.

Ba zan manta da Hajiya abokiyar tafiyarka ba, kada a ce na yi son kai. Ita ta fi ka hangen nesa, don tun daga gida ta binciko launin albasar Galmi, ta ɗinko leshi da mayafi masu irin wannan shunayya domin ranar. Aka tsai da mota a bakin gudron inda buhuna ke jere kamar ganuwa. Ta zauna bisa buhu, ta ɗauki albasa uku a tafin hannu mai lalle, ta karkata kai. Sau ashirin aka ɗauka kafin haske ya yi daidai. Mai albasar, dattijuwa cikin zanen da rana ta cinye, ta shigo hoton ta gefe, aka roƙe ta da ladabi ta ɗan matsa. Daga baya aka lura tsufanta na ƙara wa hoton armashi, aka ce ta dawo, amma ta dubi nesa kada ta yi dariya. Ba a tambayi sunanta ba, ba a kuma sayi ko tiya ɗaya ba, don albasa na sa jaka wari.

Kun yi dabara. Da kun ba ta fuska, da ta ɓata muku yini da labarai marasa kyan gani. Da ta ce albasar nan da ake kira da sunan garinsu har Abijan da Akara, watanni ake yi ana ban-ruwa da injin da ke shan mai, sau da yawa da bashi. Lokacin girbi kowa ya fitar a tare farashi ya faɗi, mai bin bashi kuma ba ya jira, sai mai ƙarfi ke iya zuba tasa a rudu ya jira ta yi tsada yana kallon wata tana ruɓewa. Da ta ba ku labarin 2023, yadda bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, kamiyoyi suka yi layi kaya na lalacewa a cikinsu, Najeriya ta yanke wutar da ƙasar nan ta dogara da ita, magani ya yi wuya, shinkafa ta gagari talaka. Sai a Maris na 2024 aka buɗe tsakanin Ƙonni da Illela. Kafin wannan ma an sha rufin Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Wa zai so a cusa masa irin wannan a tsakiyar hutu? Hoton dai ya fito tas, an rubuta a ƙarƙashinsa da Faransanci cewa zaman ƙauye akwai kwanciyar hankali.

A Malbaza ba ku daɗe ba, don ƙurar masana'antar siminti da ke nan tun shekarun 1960 ba ta jituwa da farar shadda. Kun dai tsaya daidai tashar wuta mai aiki da hasken rana da aka buɗe a 2018, mai megawat 7, kun ɗaga yatsu biyu. Ƙauyukan da ke kwana cikin duhu, masu aika waya kasuwa a yi mata caji, ba su san dabarar batirin ajiya ba, irin guda biyun da ke jakarka.

Iyaka kuwa, wa ya kai ka iya ƙetare ta? Fasfo, murmushi, hatimi, ka wuce, ka jera tutoci biyu a shafinka ka rubuta ƙasa biyu a yini ɗaya. Mutanen nan da ke bi ta bayan gari bisa kabu-kabu, mace da rabin buhun gero, tsoho za shi jana'izar ƙaninsa a Gwadabawa, ba su ma san yawon ƙasa biyu suke yi ba. A ganinsu gidan kawu za su. Ba a karanta musu cewa a 1898 Ingila da Faransa sun zana da'ira mai mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙonni ta faɗa ɓangaren Ingilishi, sa'annan a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka matsa layin don Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka bi aka kafa turaku. A jikinsu suka karanta shi, don kowane shinge sai sun sauka, sai an jinkirta su, sai hannu ya shiga aljihu, kuma babu manhajar da ke lissafa wannan kuɗi. Amma tunda ba su iya sa tuta a shafi ba, tafiyarsu ba ta shiga ƙidaya.

Akwai ma waɗanda suka fi su rashin iya tafiya, kuma motarku ta Agadas ɗaya ce, suna kujerun baya. Samarin Adar ne masu tafiya bida, da an kai amfanin gona gida su bar mata da tsofaffi su nufi Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya, yadda iyayensu suka yi. Ga kuma ƴan ƙasashen kudu da ke shigowa ta Illela su bi Tsarnawa su yi arewa, Tawa, Agadas, daga nan sai abin da Allah ya yi. Dubi shigarsu, babu tsari ko kaɗan: riga bisa riga saboda sanyin dare, jarkar ruwa naɗe da buhu, rawanin da aka ɗaura don kada yashi ya cika huhu. Wayarsu ƙarama ce mai tsagaggen gilashi, lamba biyu ko uku ke da muhimmanci a cikinta, su ma an haddace su saboda ranar da za a ƙwace wayar. Waɗanda ake korowa daga Aljeriya, a fili ake zubar da su, su taka kimanin kilomita 15 cikin yashi kafin su ga Asamaka. Ko kiɗan da ya dace da wurin ba su tanada ba. Kai da ka saurari hamada a kunne tun daga Dogondutsi, ka fi su sanin daɗinta nesa ba kusa ba.

Akwai wuri ɗaya da yabo ya ƙi fita a bakina, kuma ba zan tilasta shi ba. Da la'asar sakaliya ka tsaya a tsohon gari, rana ta yi ja, ka ce irin wannan haske ba a barin sa ya wuce, ka gyara rawani ka ɗauki kanka. Ɗana, ƙasar da ka taka ɗin nan kabari ce. A watan Mayu na 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, bayan karonsu da Sarauniya Mangu a Lugu, ya iso Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa da dubban mutane. Suka buɗe masa wuta, suka karkashe jama'a, suka ƙone gidaje, suka kwashi mata, aka yi kwanaki ana binne gawa a manyan ramuka. Har yau akwai gidajen da in ka zauna ka yi gaisuwa yadda ya kamata, tsoho zai gaya maka wa aka kashe a zuriyarsu da inda waɗanda suka tsira suka gudu. Waɗancan baƙin ma da taswira suka zo, su ma ba su yi sallama ba. Ban haɗa ka da su ba, Allah ya kiyaye, kai ba ka zub da jinin kowa ba. Amma yana yi mini ciwo ƙwarai in ga jikan wannan ƙasa tsaye a wurin yana neman haske mai kyau, don babu wanda ya gaya masa, kuma babu wanda ya gaya masa ne don bai tambayi kowa ba.

Da kuka tsaya a Galmi ma, kuna dab da Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, wanda kakanninsa Toronkawa suka daɗe zaune a ƙasar Ƙonni. Ya taka har Agadas don ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru ya ɗauki karatu, ya yi shekaru yana zaga Gobir da Zamfara da Kabi yana magana da mutane cikin harshen da suke ji. Irin wannan tafiya ake nufi da aka ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma ina so ka sani ƙofarta ba ta rufe ba, tana nan bakin kowane zaure da ka wuce.

To, bari in koma ga yabo, ko da yake motar Agadas ta riga ta tashi da kai. Tafiyarka ta yi albarka, ranka ya daɗe. Waya ta cika da hotuna, mabiya sun ƙaru, kowa na cewa ka iya yawo. Tsaraba ma ka sauƙaƙa ta. Da can sai mutum ya ɗauko kilishi da albasa da tabarma ya bi gida-gida yana rabawa, yanzu kowa ya buɗe waya ya ɗauki rabonsa. Har gwaggonka ta samu nata. Tana nan a ƙauyen da aka haifi mahaifinka, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba daga mararrabar Tsarnawa in an bar gudron, sai dai sunan ƙauyen bai fito a taswira ba, hanyar kuma ba ta dace da takalminka ba. Jikan maƙwabta ne ya nuna mata kai a wayarsa shekaranjiya, da rawani, a bakin tasha. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta kawo ta kusa da ido, ta ce wannan ai goshin ƙanena ne. Ta ce tunda ya zo Ƙonni, ba zai wuce bai shigo ba. Ta sa aka daka gero, ta aika rugar Fulani aka samo nono, ta dama fura a sabuwar ƙwarya, ta sa aka kama zakaran da take ajiya don Salla. Yaron kuma ta tura shi bakin hanya tun hantsi ya tare ka, kada ka ɓata.

Ya ga wucewar motarku wajen azahar. Ya ce ya ɗaga hannu, ya kira sunanka, kana jikin taga, kanka a sunkuye kana duba waya. Da ya koma ya faɗa mata, sai ta ce wataƙila ba motar ba ce. Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ce ya koma ya ƙara dubawa.